Shin tawaye da makami na iya kayar da sojojin gwamnatin zamani?

Wai mutane su ɗauki bindiga su ce za su kifar da gwamnati mai jiragen yaƙi da tankoki da tauraron ɗan adam, abu ne mai yiwuwa ko kuwa kai wuya ne kawai ga wuƙa? Wannan musun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, duk sanda wata gwamnati ta faɗi sai ya sake tasowa. Ya taso a Agustan 2021 da Taliban ta shiga Kabul, ya sake tasowa a Disamban 2024 da Bashar al-Assad ya hau jirgi ya tsere Masko. Wasu su ce ai ga shi nan kowa ya gani, mutane a bayan a-kori-kura da babura sun tarwatsa rundunar da aka kashe wa biliyoyin daloli, wasu kuma su ce ku daina yaudarar kanku, bindigar Kalashnikov ba ta kakkaɓo jirgin da ke can ƙololuwar sama. Kowane ɓangare yana da misalan da zai jero, sai dai duka biyun makami suke ƙirgawa, alhali in ka bi tarihin yaƙe-yaƙen nan ɗaya bayan ɗaya za ka ga ba kasafai yawan makami ke yanke hukunci ba.

Wane tawaye ake nufi, wace nasara kuma?

Rabin rigimar daga nan take, domin ana cakuɗa abubuwan da ba ɗaya suke ba. Juyin mulki daban ne, wannan sojoji ne da kansu ke juya wa shugabansu baya, kuma da yawa a dare ɗaya ake gamawa. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 shi ma ba tawayen farar hula ba ne, rundunar RSF da ke yaƙar sojan Sudan ai gwamnati ce ta raine ta, ta ba ta makamai da barikoki da albashi kafin a raba gari, wato runduna ce ke yaƙar runduna. Abin da muke magana a kai shi ne mutanen da ke wajen gwamnati su haɗa mayaƙa su tunkari sojan ƙasa.

Nasarar ma kala-kala ce. Akwai ƙwace fadar gwamnati gaba ɗaya, akwai ɓalle wani yanki, akwai korar sojan wata ƙasa da ya zo mamaya, akwai kuma tilasta wa gwamnati ta zauna teburin sulhu. Wanda ya fi sauƙi a cikinsu shi ne korar baƙo, wanda ya fi wuya kuma shi ne ka kayar da gwamnatin ƙasarka wadda ba ta da wani wurin komawa.

Ƙarfin soja ba a bakin bindiga kaɗai yake ba

Mutane suna ganin tanka da jirgi a bidiyo sai su ɗauka shi ne ƙarfin. Eh yana ciki, amma abin da ya fi ba rundunar zamani fifiko shi ne abin da ba ya fitowa a hoto: ta iya ciyar da dubban mutane kullum, ta kai musu mai da albarusai, ta kwashe wanda ya ji rauni zuwa asibiti, ta maye gurbin wanda ya mutu, ta saurari wayoyin abokan gaba, sannan duk wata ta biya albashi daga harajin ƙasa ko kuɗin ma'adinai. Ɗan tawaye in harsashinsa ya ƙare sai ya saya a ɓoye da tsada ko ya ƙwato, gwamnati kuwa odar jirgin ruwa guda take bayarwa.

Shi ya sa duk sanda 'yan tawaye suka fito fili suka ce za su riƙe gari su yi gaba da gaba da rundunar da ke tsaye da ƙafarta, yawanci ba sa jin daɗi. A 1944 mayaƙan Foland sun riƙe Warsaw kwana 63 suna fafatawa da sojan Jamus, ƙarshe aka mayar da birnin kufai. A 1956 tankokin Tarayyar Sobiyet sun murƙushe boren Hangari cikin 'yan kwanaki. ISIS ta kama birnin Mosul na Iraƙi a Yunin 2014 ta yi shelar daula, amma da ta zama mai gari da ofisoshi da adireshi sai ta zama abin da jirgi ke iya nema ya samu, zuwa Yulin 2017 an ƙwace birnin.

Dalilin da ya sa kenan 'yan tawaye ke komawa yaƙin sari-ka-noƙe, su kai hari su ɓace cikin daji ko duwatsu ko cikin jama'a. Wannan salon yana hana a gama da kai, amma shi kaɗai ba ya kai ka fadar shugaban ƙasa. FARC ta Kolombiya ta yi shi tun daga 1964 har 2016, shekara 52, ba a gama da ita ba ita ma ba ta ci Bogota ba, a kan takardar sulhu aka tashi.

To ai Taliban ta kori Amurka, Biyetnam ma haka

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙarfi, sai dai akwai abin da ake tsallakewa. Amurka a Afganistan baƙuwa ce, tana da gida, kuma a gidan akwai masu zaɓe da ke tambayar me ya sa 'ya'yansu ke mutuwa a wata ƙasa shekara 20. Ba a fatattaki sojanta a fagen daga ba, gajiya ta yi ta sa hannu a yarjejeniyar Doha a Fabrairun 2020 ta tattara kayanta. Faransa ma haka ta yi a Aljeriya, ta fuskar soja ta murƙushe FLN, ƙungiyar mayaƙan neman 'yancin ƙasar, a cikin birnin Aljas a 1957, amma siyasar gida da matsin duniya suka sa ta sallama a 1962.

Biyetnam kuwa an fi yi mata gurguwar fahimta. Harin Tet na 1968, wato babban farmakin da 'yan kwaminis suka kai biranen Kudancin Biyetnam, ya girgiza Amurkawa a talabijin, amma a filin yaƙi mayaƙan sunƙurun kwaminis na Kudu sun yi mummunar asara a cikinsa. Waɗanda suka shiga Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ranar 30 ga Afrilun 1975 cikakkiyar rundunar Biyetnam ta Arewa ce, da tankokinta da manyan bindigoginta da Sobiyet da Sin suka ba ta, bayan shekara 2 da ficewar sojan Amurka. Wato ƙasa ce ta ci ƙasa.

Yadda gwamnatoci ke faɗuwa a zahiri

Nan ne gundarin maganar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kusan duk inda ka ga 'yan tawaye sun shiga babban birni, in ka tona za ka tarar rundunar gwamnati ta riga ta ruɓe daga ciki tun kafin su iso.

Ɗauki Siriya. Daga 2011 'yan tawaye suka yi ta fama, a 2015 har an fara cewa Assad ya kusa tafiya, sai Rasha ta shigo da jiragenta a Satumban shekarar, Iran da Hizbullah suna ƙasa, zuwa Disamban 2016 an ƙwace Halab, aka tura ragowar 'yan tawayen lardin Idlib aka ce magana ta ƙare. To me ya sauya a 2024? Ba wani sabon makami ne ya faɗo musu daga sama ba. Rasha ta nutse a yaƙin Yukiren tun 2022, Isra'ila ta yi wa Hizbullah mummunar illa a 2024, tattalin arziƙin Siriya ya durƙushe har albashin ƙaramin soja ba ya riƙe shi 'yan kwanaki, yawancinsu kuma yaran da aka tilasta wa shiga soja ne. Da HTS, babbar ƙungiyar 'yan tawayen Idlib, ta fara farmaki ranar 27 ga Nuwamba sai Halab ta tafi cikin 'yan kwanaki, Hama ta bi, Homs ta bi, ranar 8 ga Disamba an shiga Damaskus, kuma a hanyar nan duka abin da aka fi gani shi ne kakin soja da aka tuɓe aka yar a bakin titi da tankokin da aka bari babu kowa a ciki. Jiragen suna nan, tankokin suna nan, mutumin da zai yarda ya mutu saboda Assad ne babu.

Afganistan ma kusan labarin ɗaya ne. Amurka ta kashe fiye da dala biliyan 80 kan jami'an tsaron ƙasar, a takarda ana cewa sun kai wajen 300,000, amma da yawa sunaye ne kawai na bogi da kwamandoji ke cinye albashinsu, jiragen kuma 'yan kwangilar ƙasashen waje ne ke gyara su, da suka tafi sai jirage suka fara zama a ƙasa, sojan da ke can wani ƙauye ya ga ba abinci ba harsashi ba mai zuwa ɗaukarsa in ya ji rauni. Taliban ta yi ta aika dattawan gari suna sasantawa da kwamandoji, a ajiye makami a tafi gida lafiya. Babban birnin lardi na farko, Zaranj, ya faɗi ranar 6 ga Agustan 2021, Kabul ranar 15.

Akwai wani misali a ƙasar dai da ni a ganina ya fi kowane fayyace lamarin. Sobiyet ta fice a Fabrairun 1989, kowa ya ce gwamnatin Najibullah ba za ta yi wata uku ba, sai ga shi ta yi shekara 3 tana riƙe da birane, har ta kori mujahidai da suka yi wa Jalalabad ƙawanya. Me ya riƙe ta? Masko na turo mai da makamai da kuɗi. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991 tallafin ya tsaya, Janar Dostum ya sauya sheƙa da mayaƙansa, a Afrilun 1992 gwamnatin ta faɗi. Mujahidan nan dai su ne na jiya, ba abin da ya ƙaru a hannunsu.

Habasha a 1991 haka: Mengistu na da ɗaya daga cikin manyan rundunonin Afirka, Sobiyet ta janye hannu, ya gudu Zimbabuwe a watan Mayu, 'yan kwanaki bayan nan ƙungiyar ƙawancen 'yan tawaye ta EPRDF ta shiga Addis Ababa. Kyuba ma da ake yawan ba da labarinta kamar almara, Fidel Castro da mutum 81 ya sauka daga jirgin ruwa a Disamban 1956 kuma akasarinsu an kashe ko an kama su a kwanakin farko, abin da ya taimake shi shi ne sojan shugaban ƙasar, Batista, ya lalace da cin hanci, jama'ar birane sun juya wa Batista baya, Amurka kuma ta dakatar da sayar masa da makamai a 1958, ranar 1 ga Janairun 1959 Batista ya gudu. Che Guevara ya ɗauka dabarar ce ta yi aiki, ya je ya gwada ta a Kwango a 1965 bai kai labari ba, ya gwada a Bolibiya manoma suka ƙi ba shi haɗin kai, aka kama shi aka kashe a Oktoban 1967.

Iran kuwa ko yaƙin kirki ba a yi ba. Sarki Shah na da rundunar da ta fi kowace kayan aiki a yankin, amma bayan watanni na zanga-zanga da yajin aikin ma'aikatan mai, ƙananan sojoji suka fara gudu, ranar 11 ga Fabrairun 1979 manyan hafsoshi suka ce su 'yan ba-ruwanmu ne, shi kenan mulkin ya ƙare.

Hannun waje da wurin fakewa

Da wuya ka samu tawayen da ya yi nasara ba tare da wata ƙasa a bayansa ba, ko aƙalla wata iyaka da zai tsallaka ya huta ya yi jinya ya dawo. Taliban na da Pakistan. Laurent Kabila da ya kori Mobutu na Zayar (Kwango ta yanzu) a Mayun 1997 sojojin Ruwanda da Yuganda ne suka yi masa mafi yawan aikin. A Libiya a Maris na 2011 tankokin Gaddafi sun isa bakin Bengazi, da ba don jiragen ƙasashen NATO ba da labarin ya sha bamban. Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta yi nazarin tawaye 89 ta fitar da rahoto a 2010, ta ce a matsakaici irin wannan yaƙin na ɗaukar wajen shekara 10, kuma samun mafaka da ƙasa mai ɗaukar nauyi na cikin manyan abubuwan da ke raba mai nasara da mai faɗuwa.

Hannun wajen kuma ta ɓangare biyu yake aiki. A Fabrairun 2019 ayarin motocin 'yan tawayen Chadi ya taso daga Libiya, jiragen Faransa suka tare shi a sahara suka yi masa luguden wuta. Sannan wanda ya ba ka makami ba don Allah ya ba ka ba, ranar da buƙatarsa ta biya ko ya sasanta da gwamnatin da kake yaƙa, kai ne za a bari a rana.

Waɗanda aka murƙushe ba a cika tuna su ba

Muna tuna Castro da Taliban ne saboda sun ci, amma waɗanda suka sha kaye su ma suna da yawa. Mayaƙan Tamil Tigers na Siri Lanka sai da suka kai suna da rundunar ruwa da ƙananan jiragen sama da yankin da suke karɓar haraji, tun 1983 suke yaƙi, amma babban kwamandansu na gabas ya ɓalle a 2004, ƙasashe suka toshe musu hanyoyin kuɗi, gwamnati ta ƙara yawan soja ta toshe kunnenta daga sukar duniya, a Mayun 2009 aka gama da su har da shugabansu Prabhakaran, kuma kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hular da suka mutu a watannin ƙarshe za su iya kai 40,000. Checheniya, yankin da ya nemi ɓallewa daga Rasha, ta tilasta wa Rasha janyewa a 1996, Rasha ta dawo a 1999 ta daka babban birninta Grozny. Biyafara ta yi wata 30 kafin ƙawanya da yunwa su sa ta miƙa wuya a Janairun 1970. Ƙungiyar Shining Path ta Peru kuwa kama mutum ɗaya, Abimael Guzman, a 1992 ya karya mata baya.

Dron da wayar hannu sun sauya lissafin?

Sun ɗan sauya, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Gaskiya ne yanzu ƙaramar ƙungiya na iya mallakar dron, wato ƙaramin jirgi mara matuƙi da ke zame mata ido a sama, da kuɗi kaɗan, an ga haka a Myanmar inda ƙawancen 'yan tawaye ya ƙwace garuruwa da dama daga Oktoban 2023. To amma gwamnati ma tana saye, kuma nata sun fi girma sun fi nisa. A ƙarshen 2021 mayaƙan Tigray sun doshi Addis Ababa har ana maganar kwashe ma'aikatan jakadanci, jirage marasa matuƙa da gwamnatin Abiy Ahmed ta samo daga waje suka rinƙa bin motocinsu a kan titi har suka koma da baya, aka ƙare da sulhun Pretoria a Nuwamban 2022. Wayar da ke taimaka wa ɗan tawaye yaɗa farfaganda kuma ita ce dai ke tona inda ya kwana.

Ƙasa mai arziƙi da tsayayyen tsari fa?

A Amurka ne aka fi wannan musun, saboda gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu da ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar bindiga, kuma wani ƙiyasi na 2018 ya ce bindigogin da ke hannun farar hula a can sun kai wajen miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Masu kare 'yancin su ce wannan ne ke hana gwamnati zama azzaluma, kuma ba za ta iya jefa bam a unguwannin da iyalan sojojinta ke zaune ba. Masu suka su ce bindiga ba runduna ba ce, babu kwamanda babu tsari babu mafaka, kuma masu bindigar ma ba ra'ayinsu ɗaya ba, wataƙila junansu za su fara harbi. Tarihi ya fi karkata ga na biyun. Zuwa 1861 jihohin Amurka 11 ne suka ɓalle da gwamnatocinsu da ƙwararrun hafsoshi irin su Robert Lee, suka yi shekara 4 suka sha kaye, mutum fiye da 600,000 suka mutu. IRA ta yi kusan shekara 30 tana fafatawa da Birtaniya a Ireland ta Arewa aka ƙare a yarjejeniyar 1998, ETA ta Sifaniya ta rusa kanta a 2018 ba ta samu ƙasar Basque ɗin ba. Amma masu kare bindigar sun taɓo wani abu na gaskiya ko da ba su faɗe shi daidai ba, domin tambayar da za ta yanke hukunci a can ma ita ce ko soja zai bi umarni in aka ce ya harbi 'yan ƙasarsa.

Nan ne wani bincike ke ba mutane mamaki. Erica Chenoweth da Maria Stephan sun duba gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka samu waɗanda ba su ɗauki makami ba sun yi nasara a kashi 53 cikin 100, masu makami kuma kashi 26. Akwai masu sukar yadda suka yi ƙirgar, amma dalilin da suka bayar yana da ma'ana: sojan da ake harbi yakan ƙara manne wa abokan aikinsa da kwamandansa, wanda kuma aka ce ya buɗe wuta kan taron da ƙila ƙanwarsa na ciki shi ne ke fara tunanin ajiye bindiga. Haka aka yi a Filifin a 1986 da Romaniya a 1989. Ba kullum ba dai, a dandalin Tiananmen na ƙasar Sin a 1989 sojan ya yi harbin.

Talaka fa, me yake samu?

Ko an ci ko ba a ci ba shi ke biyan kuɗin. Soja ya zo ya ce kai ke ciyar da 'yan tawaye, 'yan tawaye su zo da dare su ce kai ke kai rahoto, duka biyun su karɓi haraji su kwashi samari, gona ta gagara, makaranta ta koma bariki, asibiti ba magani, kuɗin ƙasa ya zama takarda. A Kolombiya wani rahoton hukuma na 2013 ya ce cikin mutum kusan 220,000 da rikicin ya ci, fiye da kashi 80 cikin 100 farar hula ne. A Siriya fiye da rabin al'ummar ƙasar sai da suka bar gidajensu kafin a kai ga ranar 8 ga Disambar da ake ta yaɗa bidiyonta.

Bayan nasarar ma ba a cika samun abin da aka yi alkawari ba, saboda ƙungiyar da ta iya cin yaƙi ƙungiya ce da ta saba da umarni da sirri da kawar da mai ja da ita, kuma da wannan halin take shiga ofis. Libiya tun 2014 gwamnatoci biyu ke jayayya a kanta. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a Yulin 2011, zuwa Disamban 2013 tsofaffin kwamandojin tawayen sun juya bindiga kan juna. Museveni na Yuganda ya shiga Kampala da mayaƙansa a Janairun 1986 yana sukar shugabannin da ke daɗewa kan mulki, shi ma ya zauna ya ƙi tashi. Eritiriya kuwa da ta yi shekara 30 tana yaƙin neman 'yanci, tun da ta samu a 1993 ba a taɓa yin zaɓen shugaban ƙasa ba, Isaias Afwerki ne dai har yau.